Misalin da Aura Ta Kawo

Da aka zo kan babin rufin asiri, Aura Marina Ixcot aka miƙa wa makirufo. Ta daɗe a wani ƙaramin ofishi a garinsu Totonicapán tana sauraron matan da mazansu ke duka, shi ya sa aka gayyato ta birnin Xela cikin kwamitin da ke rubuta ƙa'idojin ƙasa kan yadda za a riƙa kula da irin waɗannan mata, tun daga ranar da suka kawo kuka har su tsaya da ƙafafunsu.

Ta lura mutane sun fara gyangyaɗi bayan abincin rana, sai ta ajiye takardarta.

"Bari in ba ku misali. Mu kira ta Rosa."

Ta ba su labarin wata mai sayar da kunun masara a bakin coci, wadda mijinta direban bas ya karya wa hannu da kaskon gashin tortilla, wainar masararsu. Ta je asibiti ta ce faɗuwa ta yi, aka ɗaure hannun aka sallame ta, ba wanda ya ƙara tambaya. Da ta gama aka tafa mata, ita ma ta ji daɗi.

A wurin shan kofi, Byron, wani nas ɗan garinsu mai yawan surutu, ya matso yana tauna burodi, ya kira ta da laƙabin da suke yi wa mai digiri.

"Licenciada, kin iya labari. Amma Rosan nan taki ai Doña Eulalia ce, ko? Mai karkataccen hannu? Wajenta nake shan kunu. Ashe ba faɗuwa ta yi ba."

Wata ma'aikaciyar kotu da ke bayansa ta juyo. "Matar Chepe direba? Ai ƙanwarsa maƙwabciyata ce."

Aura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja su gefe tana roƙonsu kada maganar ta fita.

"Ni ba za ki ji a bakina ba," in ji Byron, ya daina tauna. "Amma ba mu kaɗai ne 'yan garin a ɗakin ba."

Washegari ba ta shiga taron ba. Ta hau bas ta koma gida, ta sami Doña Eulalia tana juya kunu da hannun hagu. Ta tsaya har masu saye suka watse, sannan ta gaya mata komai, idonta a ƙasa.

"Kin faɗi sunana, Seño?" in ji Doña Eulalia, da kiran da ta saba yi mata, wato Malama.

"A'a, na canza shi."

"Me kika bari?"

"Kunun. Cocin. Da bas ɗin."

Doña Eulalia ta rufe tukunyar a hankali. "To ai ni kika bari ke nan."

Chepe yana gida har yanzu, kuma bai san ta taɓa zuwa ofishin ba. Aura ta ce akwai gado a gidan mafaka yau ɗin nan. Matar ta girgiza kai, ta ce za ta kwashi yaran su tafi wajen gwaggonta a Momostenango kafin a ga abin da zai biyo baya.

"Ki haɗa ni da wata ma'aikaciyar, Seño. Ba fushi nake ba. Amma in na zauna gabanki, bakina ba zai ƙara buɗuwa ba."

Aura ta kira abokiyar aikinta Floridalma, ta miƙa mata komai, ta raka matar da yaranta tasha. Doña Eulalia ba ta waiwayo ba.

A ranar ƙarshe ta taron, Aura ta nemi a ƙara saɗara ɗaya: kada a kawo labarin wata mace ta gaske a wurin horo ko taro sai da yardarta, ko da an canza suna. Lauyoyi suka ɗan ja kan kalmomin, aka amince.

"Shawara mai kyau," in ji shugabar kwamitin. "A rubuta daga Licenciada Ixcot ta fito."

"Don Allah kar a rubuta," in ji Aura.

Shugabar ta ɗauka kawaici ne, ta yi murmushi ta wuce babi na gaba. Byron, daga can ƙarshen teburin, bai ɗago kai ba.