Dattin Yatsa a Littafin Waƙoƙi

Duk wanda ya san Baba Mailafiya ya san ba ya shiga cikin gari sai da dalili, kuma dalilin ɗaya ne tak, littattafan waƙoƙin cocinsu. Shekara talatin da biyu yana ɗaga waƙa a sujadar Hausa ta wata ƙaramar ikilisiya da ke bayan ganuwa, wajen Sabon Gari. In bangon littafi ya ɓalle ko zare ya saki, sai ya tara su ya kai wa Malam Ɗayyabu mai ɗinkin littafi a unguwar Shahuci. Wannan Talatar buhu guda ya sauke daga A Daidaita Sahu a bakin lungu, ya saɓa a kafaɗa, yana tafe yana huci kamar wanda aka yi wa ƙwace.

To, a ganinsa ƙwacen aka yi masa. Tsohon fastonsu ya yi ritaya ya koma ƙauye, aka turo musu Fasto Sule, wanda Baba Mailafiya ke cewa shi ya girmi ko uban yaron ma. Wata uku ba su cika ba majalisar dattawa ta zauna ta amince da sauye-sauye. Aka rataya farin allo a gaba, majigi na haska baitoci. Aka ce ƙungiyar mawaƙa ce za ta riƙa zaɓen waƙa tana jagora, littattafai kuma a adana su a kabad. Shi kuwa aka gaya masa, da irin ladabin nan mai ciwo, cewa Lahadi mai zuwa zai ɗaga waƙarsa ta ƙarshe, a yi masa addu'a, a gode masa.

Ya bar wurin taron ya ƙulla abinsa. Shi da tsofaffi biyar sun shirya za su tsaya a bakin ƙofa ranar Lahadi, duk wanda ya shigo su miƙa masa littafi. In ya ɗaga waƙar da aka ba shi ba zai zauna ba, zai kira ta biyu, ya kira ta uku, mai bin littafi ya bi, mai bin allo ya bi. Ya san sarai abin da hakan kan haifa. Ya ga ikilisiyar da ta rabe biyu a kan abin da bai kai wannan ba, har yau wa da ƙane ba sa gaisawa. Ya sani, amma zuciya ta hana shi tsayawa ya duba. Da yake makullin kabad na hannunsa, ya kwashe littattafan duka, ya haɗa da waɗanda ke gidansa don kada wani ya rasa.

Malam Ɗayyabu na zaune a zaurensa yana yanka jar fata da zai yi wa wani malami gafakar Alƙur'ani. Tun zamanin mahaifinsa ake kawo musu aikin cocin nan. In maƙwabta suka tsokane shi sai ya ce ai da sunan Allah a ciki, ba zai bar shi yana yawo a kwandon shara ba.

"A'a, Mailafiya! Yau kuma dawa ka kawo mana?"

"Bari kawai, Malam. Littafi hamsin da uku ne. Kafin Asabar nake son su, kowanne ya fito garau."

"Kafin Asabar? Wa za a aurar?"

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, Baba Mailafiya ya zazzage masa labarin duka, har da shirin bakin ƙofa, domin a nan ne kaɗai yake da tabbacin magana ba za ta koma kunnen fasto ba. Ya ce suna da littafi mai waƙa fiye da ɗari uku, dukiyar da iyaye suka bar musu, amma yara sun zo suna cewa wai sujada ta zama kullum jiya i yau.

Malam Ɗayyabu bai ba shi gaskiya ba, bai kuma hana shi ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya fito da littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan juna, bakin shafukan na kallon haske.

"Ni dai ban taɓa taka cocinku ba," ya ce, "amma in ka yarda sai in gaya maka waƙoƙin da kuke yi."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Matso ka gani."

Baba Mailafiya ya matso. A bakin kowane littafi akwai zane-zanen baƙi, siri-siri, inda babban yatsa ya daɗe yana dannawa. Da aka jera su, sai zanen wannan ya hau kan na wancan daidai, daga sama har ƙasa, kamar saƙi. Tsakaninsu kuwa fari fes.

"Shekara talatin shafukan nan dai nake ɗinke muku," in ji Malam Ɗayyabu. "Nan ne kullum yake yagewa, da nan, da nan. Na taɓa ƙirgawa don son sani, ba su kai talatin ba. Dubi wannan, ka ga shafi biyu a manne tun daga wurin bugu, ba a taɓa raba su ba. Ni na ɗauka ko sauran haramun ne a wurinku sai ranar biki."

Ya faɗa da dariya, amma Baba Mailafiya bai yi dariyar ba. Ya buɗe baki zai ce jama'a ce ba ta iya sauran ba, sai ya fasa. Jama'a ai abin da aka ɗaga mata take bi, kuma a shekara talatin da biyun nan mutum ɗaya ne ke ɗagawa.

Malam Ɗayyabu ya zaro wani littafi daga tsakiya ya ajiye gefe. "Wannan dai ba ɗan gidanku ba ne. Shi ya ɓata mini jerin. Dattinsa ya bazu ko'ina, mai shi ya ci littafin nan ci na gaske. Ka binciki mai shi ka mayar masa, kada a ce mun haɗa baki." Daidai nan aka kira azahar. Ya ɗauki buta ya ce wa baƙonsa ya jira masa zaure, kamar yadda suka saba.

Baba Mailafiya ya ɗauki littafin. Bangonsa an naɗe shi da ƙyallen atamfa, ɗinkin hannu. Tun kafin ya buɗe ya gane atamfar. A shafin farko an rubuta 'Yardada da manyan baƙaƙe karkatattu, rubutun matarsa, wadda ta koyi karatu da girmanta a ajin yaƙi da jahilci. Da safen nan ya ɗauke shi daga kan akwatinta bai ko tambaye ta ba.

Ya riƙa juya shafuka. Waƙoƙin da bai taɓa sanin akwai su ba, ga su nan sun sha hannu, wasu da ɗigon manja, wasu da alamar tsinken tsintsiya. Inda ya fi baƙi shi ne waƙa ta ɗari biyu da sha huɗu, takardar ta yi laushi kamar tsumma. Nan take ya gane lambar. Ya tuna wata rana da daɗewa, 'ya'yansu na ƙanana, tana zuba masa tuwo ta ce, "Maigida, da za ka ɗaga mana ɗari biyu da sha huɗu wata Lahadi." Ya ce jama'a ba su san karinta ba. Bayan shekara biyu ko uku ta sake roƙo, ya ba ta amsa iri ɗaya, har da ɗan tsaki. Daga nan ba ta ƙara ba. Gaskiyar kuwa shi ne bai san karin ba, kuma girman kai bai bar shi ya ce wa matarsa ta koya masa ba.

Kunya ta rufe shi a zauren nan, shi kaɗai, ba mai kallonsa. Da ma a gaban mutane ne, da ya sami wanda zai yi wa faɗa ya huce.

Da Malam Ɗayyabu ya dawo ya tarar da shi tsaye, littafin na hammata.

"Yaya, Asabar ɗin tana nan?"

"Yi a hankali, Malam. Ba gaggawa."

"To madalla. Da ma zarena ya ƙare, sai na leƙa kasuwar Kurmi." Ya raka shi har bakin lungu, bai ƙara tambayarsa komai ba.

A gida 'Yardada ta tambayi littafinta sau ɗaya, ya ce yana nan, zai ba ta. Ta dube shi ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Lahadi tsofaffin nan biyar sun riga kowa zuwa, sun jeru a bakin ƙofa cikin manyan riguna. Suka hango shi tafe hannu rabbana, sai littafi ɗaya. Dattijo Isyaku, wanda ya fi su zafi, ya tare shi.

"Ina kayan?"

"Suna wurin gyara."

"Mailafiya, mun fa yi magana!"

"Mun yi. Ku shiga ku zauna, ni zan ɗauki laifin."

Bayan addu'ar buɗewa Fasto Sule ya kira shi gaba. Fuskar faston ta nuna raɗe-raɗin sun kai masa, amma ya miƙa masa makirufo. Baba Mailafiya bai karɓa ba, bai taɓa buƙatarsa ba. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya gyara murya.

"Waƙa ta ɗari biyu da sha huɗu."

Mawaƙa suka ɗan yi laluben na'urarsu, baitocin suka fito a allo. Jama'a suka miƙe, suna jiran muryar da ta saba jan su. 

"Jama'a," ya ce, "wannan waƙa ban san karinta ba. Ban taɓa sani ba. An roƙe ni ita tuntuni na ce ku ne ba ku iya ba, alhali ni ne. Ku gafarce ni. In akwai wanda ya iya, ya ɗaga mana."

Ba wanda ya motsa. Har ya fara tunanin ko ya makara da shekara ashirin. Sai daga benci na baya, ɓangaren mata, wata murya ta tashi, a ɗan dushe da farko, sannan ta miƙe sosai. Kafin ta kai ƙarshen layin farko matan zumunta, ƙungiyar matan cocin, duka sun ɗauka, babu mai tuntuɓe. Ashe sun daɗe suna rera ta a taronsu na ranar Talata. Mawaƙa suka kama a baiti na biyu, maza suka biyo baya da lalube. Can Dattijo Isyaku ma ya ɗaga kai ya dubi allon.

Baba Mailafiya na tsaye a gaba, yatsansa a kan baƙin da yatsan matarsa ya bari, yana bi a hankali kamar sabon ɗalibi. Shekara arba'in da ɗaya suna cin tuwo a gida ɗaya, bai san muryarta za ta iya cika coci ba. Ana baiti na uku ya sauko, ya ratsa tsakanin bencina har inda take, ya miƙa mata littafinta da hannu biyu.

Ba ta karɓa ba. Ta jira aka kai gaɓar numfashi, sannan ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Riƙe, Maigida. Ni na haddace."