Gayyar Cikin Katin Hoto

Jiya da rana tsaka Haladu mai gyaran bidiyo ya yi wani mafarki, a zaune, baki buɗe. Kafin barci ya sace shi ya ɗora wa kwamfuta aikin gyara wani tsohon kaset, wanda shi kaɗai ne marigayi mahaifinsa ya fito a ciki. Idon Inna ya yi rauni, hoton kuma dishi-dishi, ba ta iya gane mijinta, ga shi motar la'asar za ta mayar da ita ƙauye. Kwana uku babu wuta, batirin shago saura kaɗan. Aikin duka yana wuyan katin hoto, ɗan allon nan da ke zana abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta. Nasa ƙarami ne, abokan sana'a har dariya suke masa.

Sai ga shi a wata gona riƙe da ƙwarya. Wutar lantarki ce a ciki, an dama ta kamar fura, ba ta kai rabi ba. Gonar kuwa fuskar Baba ce, shimfiɗe iya ganin ido, ciyawa ta cinye ta. Haladu bai yi mamaki ba, ya dai cire takalmi.

A bakin gonar kasuwa ke ci, ba a sayar da komai sai gayya. Wani jibgegen mutum mai fanka uku a kan hula ya tare shi.

"Maigida, manoma dubu goma gare ni. Kafin ka yi atishawa mun gama."

"Me suke ci?"

"Komai. Jiya mun cinye wutar unguwa biyu, muka kora da taransifoma."

Wata agwagwa mai tabarau, dillaliyar kasuwar, ta raɗa masa cewa jibgegen nan kowa ke ɗauka, wasu ma don maƙwabta su ji ƙarar fanka ne kawai. Haladu kuwa mutum ne mai son a ce ya isa. Ya miƙa ƙwaryar a ɗanɗana. Nan take manoman suka yi layi, har da waɗanda ba su taɓa fartanya ba, domin a gayya duk wanda ya zo sai ya ci. Kafin ya fizge abarsa, rabin abin da ke ciki ya tafi. Kunya ta kama shi, sannan tsoro.

Can gefe wata ƴar tsohuwa na zaune a kan turmi, ana kiranta Gwaggo Tasalla. Manomanta ba su fi ƙwayar gero girma ba.

"Gwaggo, wannan za ta isa?"

Ta leƙa ƙwaryar. "Ni ban san isa ba, ɗan nan. Na san dai a wurina ba a zubarwa."

Ya miƙa mata ƙwaryar. Haladu bai taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Ta raba su talatin da biyu-biyu, kowace ƙungiya da makaɗinta. Ganga ɗaya, fartanya duka su sauka tare. Kowane manomi ɗigo ɗaya ne rabonsa, ba ya duban na wani. A kan kowace kunya ta ajiye randa, don kada kowa ya ɓata ƙarfinsa zuwa rijiya. Wanda ba shi da aiki ya kwanta, kuma mai kwance ba ya ci. Zufarsu na tashi sama ta zama gajimare, ita kuma tana kore shi da ɗan mafici.

Goshin Baba ya fito. Kunne ya fito, sai tsagen kumatu, ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya ji ƙaunar tsohuwar nan har cikin ƙashinsa.

Sai motar la'asar ta ɓullo ta sama, tana tafe a hankali, Inna ta leƙo ta taga tana duban ƙasa. Idanu biyu suka rage a gonar, ƙwarya kuma ta ƙare.

"Gwaggo!"

"Kada ka yi mini ihu, ihu ma ci yake." Ta sa yatsa ta suɗe gindin ƙwaryar, ta ɗiga wa ƙungiya biyu a baki, sauran ta ce su yi barci.

Ƙarar inbata, na'urar da ke ba shagon wuta daga batir, ce ta tashe shi, tit-tit-tit, tana kukan batir. Aikin ya kammala. Inna na zaune a benci da ƙullin kayanta. Ya kunna bidiyon, ya jawo ta kusa.

Ta kai fuskarta daf da gilashin.

"Ka ga hular nan?" in ji ta. "Sau uku ina gaya masa ta yi masa kaɗan."

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Haladu ya zabura zai taɓa wayar wuta, ta riƙe masa hannu.

"Ƙyale ta. Na gan shi."