Duniyar da ke bayan kamyon Ajuma

Shekara talatin da biyar Isufu ya yi yana zanen bayan manyan motoci a Gaya, a wata rumfa kusa da hanyar gadar da ake tsallakawa zuwa Benin. Zakuna ya zana, da dawisu, da jiragen sama, kuma ba a taɓa jin ya yabi aikin wani mai fenti ba. Amma tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Layin da a da yake ja a numfashi ɗaya, yanzu sai ya goge sau uku. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san ranar da direbobi suka gane, sana'ar ta ƙare, shi kuwa bai iya wata ba.

Ana cikin haka Hajiya Ajuma, mai safarar albasa zuwa Kwatano, ta sayi kamyonta na farko, babbar motar ɗaukar kaya, ta kawo masa. Ta ce duniya take so a bayansa. Duniyar da Isufu ya iya ita ce ta taswirar lakwal, wato makarantar boko, kowace ƙasa da launinta da iyakarta, ga layuka a tsaye da a kwance kamar ragar kamun kifi. Aiki ne na hannu mai lafiya. Ya fara kame-kame, wai zaki ya fi kwarjini, wai shuɗin fenti ya yi wuya a kasuwa.

Ajuma ba ta saurare shi ba. Ta ciro wata tsohuwar takardar almanaka, ta ce ta mahaifinta ce, ya ajiye ta a akwati har ya rasu. Hoton duniya ne da masu zuwa wata suka ɗauka a 1972. Isufu ya tuna yana yaro lokacin da rediyo ya ce mutum ya taka wata, dattawan unguwarsu suka yi mako suna musu, kakansa ya ce duk wanda ya yarda a duba masa kai. Hoton kam bai taɓa tsayawa ya kalle shi da kyau ba sai ran nan. Ya nemi iyakar Nijar da Benin, wadda wani lokaci ake kwana uku a layin duwan, wato kwastan, saboda ita, bai gan ta ba. Shuɗi ne kawai, da jar ƙasa, da farin gajimare da ya murɗe ko'ina kamar an zuba nono a ruwa.

Kwana huɗu ya yi a kan tsani. Da'irar bai wahala ba, da ƙusa da igiya ya fitar da ita. Da ya zo kan gajimaren ya riƙe wuyan hannunsa da na hagu kamar yadda ya saba, abin ya fito a sandare, ba kyau. Haushi ya kama shi, ya saki. Buroshin ya shiga karkarwa yana watsa fari yadda ya ga dama, sai ga gajimare sak irin na takardar. Isufu ya daɗe a tsaye yana kallo, daɗi ya rufe shi har ya ji kunyar kansa.

Ajuma ta zo ta zagaya kamyon sau biyu, ta tambayi inda Gaya take. Ya nuna mata wani wuri da gajimare ya rufe, ta yi dariya ta ce ai damina ce. Daga nan ya daure ya faɗa mata cewa rubutun da ake yi a ƙasan hoto ba zai iya ba, hannu ya ƙi.

"Baba Isufu, ai duk tasha an sani," in ji ta. "Tun bara haruffanka ke rawa. Ka ga wanda ya fasa zuwa?"

Washegari kamyon ya hau gada da buhunan albasa, ya tsaya a layi rabin yini, kowa na baya yana kallonsa. Kafin la'asar direbobi biyu sun iso rumfar, ɗaya ɗan Tunuga, ɗaya ɗan Benin, kowa na son irin ta Hajiya. Isufu ya ɗaure fuska, ya ce musu ba ya aikin gaggawa, su dawo Alhamis.