Ranar da Madam Dekker Ta Yi Barci a Kujerar Teo

Teo Salcedo mutum ne da in ka ba shi katako da fensir, sai ka manta da shi a kusurwa har a tashi aiki. Shi ke zana kujeru a wani ƙaramin kamfanin kayan ofis a Grand Rapids, kuma kowa ya shaida hannunsa na da kyau. Bakinsa ne matsalar. Da zarar mutane sun ɗan taru a ɗaki, sai harshensa ya yi nauyi, in kuma ya samu ya fara magana sai ya zuba da gudu kamar wanda kare ya biyo.

Shi ya sa ranar da Glenda, shugabar sashensu, ta ce shi zai gabatar da sabuwar kujerarsa ga hukumar laburaren wata gunduma, sai da ya waiga ko da wani take.

"Ni? Ina Marlon?"

"Marlon zai raka ka," in ji Glenda. "Amma kai ka haifi kujerar nan, kai za ka tsaya mata."

Marlon Beaudry shi ne mai tallan kamfanin, mai zaƙin baki, wanda ko gaisuwa ya tsaya yi da kai a bakin lifta sai gahawarka ta huce. Ranar gwajin gabatarwar ya zo da kwalin donot, irin fanken nan na Turawa, ya miƙe ƙafa, Teo ya kunna majigi. Shafin farko ya fito cike da rubutu daga sama har ƙasa.

"Mutumina, wannan majigi ne ko jarida?" in ji Marlon.

Teo bai kula shi ba. Ya juya wa ɗakin baya, ya hau karanta wa bango, bai ja numfashi ba sai da ya kai ƙarshe.

Glenda ta ce, "Na gode. Na ga ƙeyarka sosai, kuma askin ya yi kyau. Amma ba bango ne zai sayi kujera ba, Teo. Juyo ka dube mu. Zaɓi mutum ɗaya ka gaya masa magana ɗaya har ta ƙare, sannan ka koma kan wani. In ka yi shiru kaɗan, ba wanda zai mutu."

Ta sa ya zubar da yawancin rubutun, aka bar hotuna. Ta ce su isa da wuri, su kashe wayoyinsu, kuma a bar mutane su taɓa kujerar kafin a cika su da bayani. Sannan ta juya kan Marlon.

"Kai kuma, in yana magana, ka sa wa bakinka kwaɗo."

"Ni? Yaushe na taɓa katse wani?"

"Yanzu ma ban gama ba."

Ranar taron gari ya waye da dusar ƙanƙara. Suka naɗe kujerar da bargo, suka sa ta a motar kamfani. Mutum biyu suka tarbe su: Madam Dekker, shugabar hukumar, dattijuwa mai furfura da tabarau rataye a wuya, sai mataimakinta Hollis, dogo mai kunya. Teo ya gaishe su, ya faɗi sunansa a hankali yadda aka koya masa, ya yaye bargon.

Madam Dekker ta zaga kujerar, ta danna katifarta da yatsa, ta zauna.

"Daga nan zan saurare ka," ta ce. "Ina jin ka."

Teo ya fara. Wannan karon bai juya wa kowa baya ba. Ya dubi Hollis ya gaya masa irin itacen. Ya dubi Madam Dekker ya gaya mata dalilin da ya sa hannuwan kujerar suka yi faɗi, don mai karatu ya sami wurin ɗora littafi. Ta gyaɗa kai. Abu ya fara tafiya. Ya koma kan Hollis, ya sake dawowa kanta, sai ya ga idanunta a rufe.

Ya ce a ransa tunani take yi. Manya kan rufe ido in suna nazari. Sai kanta ya ɗan karkata gefe, wani siririn minshari ya fito.

Teo ya dakata da bayanin. Shi ke nan, ya ce a ransa, karon farko da na buɗe baki a gaban jama'a na kwantar da shugabarsu. Hollis kuwa kunnuwansa sun yi ja, ya ƙura wa teburi ido kamar yana neman wani abu da ya ɓata a cikin katakon.

Marlon ne kaɗai fuskarsa ta washe. Ya matso kusa da kunnen Teo. "Ga talla ta zo mana har gida," ya raɗa. "Bari in faɗi wata magana, ɗakin nan zai fashe da dariya." Hannunsa har ya nufi aljihun da wayarsa take, da alama hoto ma yake so.

Teo bai san lokacin da ya taka masa ƙafa ba, kuma ya bar takalminsa a wurin. Shi dai abin da ya gani shi ne, in matar nan ta farka ta tarar ana mata dariya a ofishinta, a gaban na ƙasa da ita, ba za ta manta ba, kuma tana da gaskiya.

Ya kashe majigin, ya ja kujera kusa da Hollis, ya zauna. "Mu ci gaba a hankali," ya ce ƙasa-ƙasa. "Me kake son sani?"

Hollis ya saki ajiyar zuciya. Ashe yana da tambayoyi cike da ciki. In yaro ya zana yadin da biro fa? In wani ya zubar da lemo? Ma'aikaciya ɗaya za ta iya ja ta ita kaɗai? Teo ya riƙa amsawa, kuma da yake tsoron tashin mai barci ya hana shi sauri, kowace kalma ta fito a natse. Har ya ji kansa yana ba da misali da kujerar kakarsa a garin Laredo, wadda yadinta ya ga jikoki da kuliyoyi bai yage ba. Hollis ya yi dariya a tafin hannunsa. Marlon na gefe yana cije leɓe.

Can sai Madam Dekker ta yi firgigit, ta gyara zama, ta lalubo tabarau. "To, batun wanke yadin fa?" ta tambaya da muryar wanda bai rasa komai ba.

"Daidai inda muke ke nan," in ji Teo. Ya miƙe, ya taƙaita mata duk abin da suka tattauna, kamar dama haka ya tsara.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau.

"Na yi barci, ko?"

Hollis ya ɗaga kai yana duban silin. Teo ya ce, "Kin ɗan hutar da idonki, Madam."

Ta kwashe da dariya. "Hutar da ido da minshari? Mijina ya sha gaya mini, ina ƙaryata shi. 'Yata ce ta haifi tagwaye, suna gidana, rabona da barcin kirki har na manta. Na gode da ba ku mai da ni abin kallo ba." Ta shafa hannun kujerar. "Amma ba zan saya ba."

Marlon ya buɗe baki. Ta ɗaga masa yatsa.

"Laburare nake riƙe da shi, ba masauki ba. Yanzu ma kullum sai mun bi muna tashin mutane a bayan kantocin littattafai. In na zuba irin wannan a ɗakin karatu, wa zai kai shafi na biyu? Ka miƙar da bayanta, Mista Salcedo, ka ƙara wa katifar tauri, ka dawo mana da ita wata mai zuwa. Kuma kai za ka sake yin bayanin. Iya abin da na ji, na gane shi sarai."

Teo ya yi godiya. Da suka zo naɗe kujerar, sai ta ce ko za su bar mata ita na ɗan lokaci, don hukumar ta ƙara nazari. Hollis ya yi tari. Suka bar ta, suka fito da bargo kawai.

A mota Marlon ya cire takalmi yana murza yatsunsa.

"Ka san nauyinka kuwa? Mutum shiru-shiru, ashe mugu ne."

"Yi haƙuri."

"Ba ƙafar ce ta fi min ciwo ba. Maganar nan ce. Tana nan tsaye a maƙogwarona, na kusa shaƙewa."

"To, faɗe ta yanzu mu ji."

Marlon ya gyara murya, ya miƙa hannu kamar yana gaban taro. "'Jama'a, kun ga kujerarmu ba ta buƙatar mai talla, ga shi mai saye da kanta tana yabon ta da hanci!'"

Teo ya ɗan waigo ya dube shi.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"A ɗakin da ta fi daɗi," in ji Marlon.

Sai a lokacin dariya ta kama Teo, har ya rage gudun motar. Ya kuma tuna tun safe bai sa komai a cikinsa ba saboda fargaba. Suka ratse wani shago a bakin hanya da ke sayar da tako, irin gurasar da ake naɗe nama a ciki, suna jiran abinci suna musun wanda zai gaya wa Glenda cewa sun dawo ba ciniki, kuma ba kujera.