Fanel a Bayan Rufi

Mai sola yana can saman tsani yana auna rufin kwano, Baba kuma yana ƙasa ya rirriƙe ƙafar tsanin, ko da yake ba wanda ya sa shi. 'Yarsa ce ta turo mutumin. Tun rasuwar mahaifiyarta take fama da Baba a waya kan maganar saka masa wutar sola, shi kuma yana ja mata rai da "bari in yi tunani", har tunanin ya shekara.

"Nan ɓangaren titi za mu jera fanel ɗin," in ji mai sola. "Rana wuni take a kansa. Fanka, firji, talabijin, duk za su tashi. Kai da yawon neman caji kun rabu ke nan, Baba."

Abin da Baba yake tsoro ke nan, sai dai ba maganar da za a faɗa wa mutum a kan tsani ba ce.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin yana kai wa mutane wasiƙu har ƙofa, yanzu tasa ƙofar sai ta yi mako ba a ƙwanƙwasa ba. Ɗaki uku, mutum ɗaya. Wutar unguwar kuwa leƙowa kawai take ta koma. Shi ya sa kullum da hantsi yake ɗaukar waya da caja ya nufi shagon aski na bakin titi, inda ake da janareta. Mai aski ya jona masa, shi kuma ya raɓa a ƙarshen benci. Wayar ta tsufa, ba ta cika da wuri, Allah ya yi mata albarka. Awa biyu ana musun ƙwallo, ana tsokanar sanƙonsa, ana tambayarsa ko yau a shafa masa mai ne kawai. A duk wunin, nan kaɗai yake jin muryarsa ta fito.

Ba wanda ya san wani lokacin da gangan yake kunna tocilan wayar ya tura ta cikin durowa, don batirin ya mutu. Mai sanƙo ba shi da hujjar zama a shagon aski in ba caji ba. Kunya yake ji ya je haka kawai, a gane kaɗaici ne ya koro shi.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. 'Yar ce.

"Baba, ya zo ko? Don Allah kar ka sallame shi. Jiya sau biyar ina kiranka a kashe. Na kasa komai a wurin aiki, ina ta tunanin ko faɗuwa ka yi ba kowa kusa."

Tausayinta ya kama shi, ga nauyin sanin cewa shi ya kashe wayar da hannunsa.

"Na ji, Mamana. Za a sa."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗaga kai.

"Injiniya, in an jera su a nan gaba, na shagon askin can za su hango?"

"Har daga mahaɗa za a gani. Ni ma ai talla ce gare ni."

"A baya fa?"

Mai sola ya haura ya leƙa, ya dawo yana girgiza kai.

"Benen maƙwabcinka yana tare rana tun tsakar rana. Rabin wutar za ka samu, kuma a ce ni ne ban iya aiki ba. Wa ya taɓa ɓoye fanel a inuwa?"

Baba ya dubi titi. Daga nan yana jiyo ƙarar janareta da dariyar wani.

"Rabin ya ishe ni, ai ni kaɗai ne," ya ce. "A sa su a baya. Kuma ranar da za ku kawo kayan, ku biyo ta lungu."