Rabin Kitson Tabita

Shekara ashirin da biyu ina kitso a Muchia, kuma duk macen da ta zauna a gabana sai mun gama take tashi. Tabita ce kaɗai ta mai da ni mai rabin aiki.

Daga Samaru take zuwa. Sau uku tana zama, sau uku wayarta na yin ƙara ana tsakiyar aiki, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitson shuku ta bi mota. Abin ya ci mini rai, don duk wadda ta ga kan nan cewa za ta yi aikin Modupe ne, wato ni.

A zuwa na uku ne ta faɗa mini dalili. Ɗanta Japhet shekararsa tara, ba ya magana, likitoci sun ce otizim ne. Kofi ɗaya yake shan ruwa da shi. Ƙarar injin markaɗe kan sa ya toshe kunne yana buga kai da bango. Ita ta san kukan yunwa, ta san na tsoro. Mijinta Cindo yana da kirki, in ji ta, amma bai iya ba. Na ce a raina, ta yaya zai iya alhali ba a taɓa barin sa ya gwada ba? Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka.

Ranar Asabar ta sake zuwa. Ina tsaga gashin ƙeya da tsinke sai na ga fili babu gashi, sumul, faɗin murfin kwalba. Na ƙara tsagawa, ga wani. Mai kitso tana ganin abin da mai kai ba ta gani, kuma ƙa'idarmu ba ma kai shi waje. Amma mai kan, ita dole a gaya mata.

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta shafa. Can ta ce ai tun bara aka ce mata jininta ya hau, maganin ma yana jaka, in ta tuna ta sha. Barci kuwa sai dai a ba ta labarinsa. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni.

"Maman Japhet," na ce, "in kika faɗi, wa ya san kofin nan?"

Sai wayar ta yi ƙara. Cindo ne, ina jin ihun yaron ta ciki. Ta yunƙura za ta miƙe, ni kuwa na ƙi sakin silin da ke hannuna. Ban taɓa yi wa kowa haka ba. Ashe kofin yake nema. Ta ce yana bayan randa, amma ga ta nan tafe yanzu.

"Ki zauna a gama miki," in ji shi. "Zai yi kuka, zan yi ta fama. Ni ma ɗana ne, Tabita."

Ya kashe wayar. Ta daɗe tana kallon ta a tafin hannu, tana jira ta sake ƙara. Ba ta yi ba. Hawaye suka zubo mata, na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da aikina. Kafin in kai layi na biyar kanta ya yi nauyi a cinyata, numfashinta ya sauya, barci ya ɗauke ta.

Shuku ba ya ci mini awa biyu. Oby mai sayar da atamfa tana kan benci tana jiran layi, tana duba agogo. Na yi mata alama da ido ta dawo gobe bayan coci. Sannan na kwance layuka huɗun da na riga na gama, a hankali, na soma su daga farko, don kada in gama da wuri in tashe ta.