Darar Diban Gwamna

Shekarar diban gwamna, sa'ad da Turawa ke kwasar maza zuwa haƙar kuza Jos, duk garin Maikujera an san halin Halliru, jakadan hakimi. In ya gama ɗaurin mutanen da za shi tahi da su, sai ya nemi dara. Wanda duk ya kuskura ya cinye shi kuwa, igiya ce ladarsa. Shi ya sa gwanaye ke komawa wawaye gabanai.

Har Mainasara, jama'a! Mutumin da daga Rabah har Goronyo ba mai zama gabanai ya tashi da dariya, shi ma sakam mai wasa yake yi, ya koma gida da baƙin ciki. Halliru ko uku bai iya jerawa sai an buɗe mai hanya.

Wannan karon sai anka ɗaure Mode, ɗan Mainasara tilo, mai fama da tari tun damina. Kowa ya san sanyin Jos. Na bara ba duka sunka dawo ba.

Mainasara ya durƙusa gaban Halliru. "Ranka shi daɗe, a sake shi a ɗauke ni. In ba hali, a haɗa da ni."

Halliru ya yi tsaki. "Mi za a yi da tsoho? Tashi ka haƙa muna ramun dara."

"To, bari in leƙa gida."

Ya dawo da gwado a naɗe, cikin wannan uwar rana, ya zauna bisa. Mutane sunka ce baƙin ciki ya taɓa tsoho. Halliru ya ɗauki tsinkaye, ya tura mai kashin raƙumi, kamar kullum. Sunka dasa 'ya'yansu cikin ramu.

Mainasara ya jera uku, ya zare tsinke guda. Maigari Attahiru ya yi gyaran murya. Mainasara ko kallonai bai yi ba. Can sai ga shi ya kafa doki, shirin nan da kowane motsi sai ka jera uku ka ci. Ya matsa, ya zare. Ya maido, ya zare. Mode na ta tari gindin tsamiya, inda anka ɗaure su.

"Mainasara, ka ji tsoron Allah!" in ji maigari.

"Shi ɗai nika tsoro yau." Ya dubi Halliru cikin ido. "Matsa mana, ranka shi daɗe. Ko hannun ya sage? Wallahi ban taɓa ganin mai dasa dara awa shukar makaho ba sai kai."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran sunka kama. Halliru ya miƙe, ya shure ramun da ƙafa.

"Ku ɗaure min shi! Ya je ya yi darar tasa Jos!"

Mainasara ya saɓa gwadonsa, ya miƙa wa dogari hannuwa biyu.

"Madalla. Kusa da Mode za ka sa ni. Gwadon ga ya ishe mu mu biyu."